Masu Ɗaura wa Dawa Aure a Wad Madani

Duk manomin da ya taɓa riƙe hawasha, wato gonar haya, a Jazira ta Sudan ya san irin dawa kashi biyu ne. Akwai feterita ta kaka da kakanni, wadda za ka ware zangarniya mafi kyau ka rataye, baɗi ka shuka ta fito yadda ka san ta. Akwai kuma irin aure, wanda zai cika maka buhuna a shekarar farko, amma in ka ɗebi iri daga abin da ka girba, gonar baɗi sai ta fito bambaraƙwai: wannan dogo, wancan gajere, wani ya nuna, wani ko ciki bai yi ba. Daga Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, har zuwa ƙauyukan Hausawa da ke gefen magudanan Jazira, mai saurin zargi zai ce ɗan kasuwa ya cuce shi. Alhali dalilin yana cikin furen dawar, kuma an yi gwanayen da suka iya ganinsa da idonsu a tashar binciken noma ta Wad Madani.

Gwanintar farko ita ce sanin lokaci. Sai dawa ta yi ciki, zangarniya ba ta kai ga fitowa daga ganyen ƙarshe ba, sannan ake farke ta. Kowane ɗan fure yana da jakar bununi uku. Gwani zai jiƙa furannin a ruwan sifirit da asid don komai ya tsaya cak, ya zaro jaka ɗaya da allura, ya ɗiga mata jan rini, ya rufe da siririn gilashi, ya ɗan ɗumama, sannan ya danna da babban yatsa. In ya sassauta, ƙwayoyin sun hau kan juna. In ya matsa da yawa, sun dame. Hannu ne kaɗai ya san tsakani.

A ƙarƙashin madubin ƙara girma, ga abin da ke bayyana. Kowace ƙwayar halittar dawa tana da cibiya, cikin cibiyar akwai kuromosom 20, wato ƙunshin gadon shukar: 10 daga uwa, 10 daga uba. In za a yi bununi, kowane kuromosom yakan kwafi kansa ya zama sili biyu haɗe a ƙugu, sannan ya nemi takwaransa na ɗaya ɓangaren su manne. A nan suke musayar yanki, kamar igiya biyu da aka yanke a wuri ɗaya, aka ƙulla kan wannan da wutsiyar waccan. Sai fatar cibiya ta narke, tagwaye 10 su jeru a tsakiya, wasu siraran zarurruka su miƙo daga gefe biyu su kama kowa a ƙugu. A ja na farko takwarori ne ke rabuwa. A ja na biyu silin kowane kuromosom ke rabuwa da ɗan'uwansa. Ƙwaya ɗaya ta zama huɗu, kowacce da kuromosom 10. Wannan shi ne mayosis. Mai ƙwararren ido yakan ƙirga tagwayen, in ya ga wani ya rasa abokin tsayi ko ya makara a tsakiya, ya san wannan shuka ba za ta ba da bununi mai kyau ba.

Gwaninta ta biyu a gona take. Dawa takan auri kanta, don haka mai son haɗa iri biyu sai ya riga ta. Kafin fure ya buɗe, zai rage furannin zangarniya, ya buɗe kowanne da hantsaki, ya cire jakar bununi ukun nan ba tare da ya fasa ko ɗaya ba, bai kuma ƙwarzani gashin macen ba. Sai ya rufe da jakar takarda. In macen ta shirya, da sanyin safiya zai kakkaɓo mata bununin uban da ya zaɓa, domin bununin dawa ba ya daɗewa da rai.

Hantsaki ba zai wadatar da ƙasa da iri ba. A 1954 masana biyu a Texas ta Amurka, Stephens da Holland, suka bayyana dawar da ba ta yin bununi mai rai. In aka shuka ta layi-layi kusa da uba, iska ce waliyyi. Ta wannan hanya Gebisa Ejeta, ɗan Habasha, da abokan aikinsa na Sudan suka fito da Hajin Dura-1 a 1983, dawar aure ta farko da aka saki ga manoman ƙasar, mai jure fari. Aikin yana cikin abin da ya kai shi ga Lambar Abinci ta Duniya a 2009.

To ga amsar manomi. Iyayen irin aure kowanne zaunannen iri ne, don haka 'ya'yan fari duk gado ɗaya suka samu, gona ta tashi kai ɗaya. Amma a furen 'ya'yan nan, tagwaye 10 na iya rabuwa ta hanya 1,024, ban da musayar yanki. Jikoki sai kowa ya kama gabansa.

Abin da ke ɓata wa manomi gona shi ne jarin mai kiwon iri. Cikin wannan tarwatsewa yake tsintar shukar da ta haɗa halin kirki na iyaye biyu, ya bar ta ta auri kanta, ya sake zaɓe, shekara bayan shekara, har takwarori su zama ɗaya. Haka aka samu irin su Tabat da Wad Ahmad. Waɗannan kana iya ajiye irinsu, muddin ka zaɓi zangarniya daga tsakiyar gona, nesa da bununin maƙwabta. Irin aure kuwa sabo ake saye duk shuka. Don haka kafin ka tambayi kuɗin buhu, fara tambayar wane ne a ciki.