Alamar Shekaru da Ta'asa a Fim: Tarken "A Clockwork Orange"

A cikin watan Janairu na 1972 aka fara nuna fim ɗin "A Clockwork Orange" a gidajen silima na Ingila. Stanley Kubrick ne ya shirya shi, ya kuwa ɗauko labarin daga littafin da Anthony Burgess ya wallafa a 1962. Hukumar tace fina-finai ta Biritaniya, wadda aka kafa tun 1912, ta duba shi, ta ba shi alamar X ba tare da ta yanke kome ba. Ma'anar wannan alama a wancan lokaci, tun daga 1970, ita ce kada a bar wanda bai kai shekara 18 ba ya shiga kallo.

Jigon fim ɗin ba abin rainawa ba ne. Tauraronsa, Alex, shugaban wasu 'yan daba ne masu duka da fyaɗe don nishaɗi. Da ya yi kisan kai aka ɗaure shi, sai gwamnati ta gwada wani maganin sauya hali a kansa, watau a yi masa allura mai tayar da zuciya, a ɗaure shi a kujera, a buɗe idanunsa da ƙarfe, a yi ta nuna masa hotunan mugunta, har ya zamana ko tunanin ɓarna ya yi sai amai ya taso masa. Tambayar da ke ƙunshe a nan ita ce: wanda aka ƙwace wa ikon zaɓar sharri, shin za a kira kamewarsa halin kirki?

To amma inda gizo ke saƙa shi ne salon isar da wannan jigo. Alex ne mai ba da labari, da muryarsa ake jin kome, kuma shi kaɗai aka ba wa fasaha da barkwanci. Waɗanda yake zalunta kuwa an fito da su tamkar dogon yaro, ba wanda aka tsaya a kansa har ɗan kallo ya san shi balle ya tausaya masa. Faɗan 'yan daba an tsara shi kamar rawa, kiɗan Rossini yana tashi a ƙarƙashinsa; a wajen da ya fi kowane muni, Alex yana rera waƙar nishaɗi ta "Singin' in the Rain" yana shurin mai gida. Da lokacin azabtar da shi kansa ya zo, sai aka matso da kyamara har cikin ƙwayar idonsa, aka bar shi yana kururuwa. Sakamakon haka, ciwon da ɗan kallo ke ji a jikinsa na azzalumin ne. Irin wannan suka Pauline Kael ta yi a mujallar New Yorker a 1972, kuma har yanzu da wuya a ture ta. Bugu da ƙari, Kubrick ya bi bugun Amurka na littafin, wanda aka cire wa babi na 21, inda Alex ya girma ya gaji da ɓarna don kansa. Rashin wannan babi ya bar fim ɗin ya ƙare da komawar Alex ruwa, cikin murna.

Duk wannan ba abin da alamar shekaru ke iya aunawa ba ne. Aikinta irin na rariya ne, tana raba gari da tsaki bisa girman ƙwaya, ba ruwanta da ɗanɗano. Ana iya ƙirga jini da tsiraici da ashar, amma ba a iya ƙirga wanda aka sa ɗan kallo ya goya wa baya. Alal misali, a Amurka ma X aka fara ba shi. Da Kubrick ya musanya kimanin daƙiƙa 30 na hotunan batsa a 1972, sai aka sassauta masa zuwa R, alhali duka da shuri suna nan yadda suke. Wani abin lura kuma, Alex na cikin littafi shekararsa 15, watau da shi kansa zai zo ƙofar silima a Ingila, da an kore shi.

Su ma masu kiran a hana fim ɗin hujjarsu ba ta da ƙwari. A wasu shari'o'i na matasa an ambaci sunansa, jaridu suka yi ta yayatawa cewa kwaikwayonsa aka yi. Sai dai maganar lauya mai nema wa wanda yake karewa sassauci ba ta zama shaidar cewa kallo ne ya haifar da laifi ba.

Daga ƙarshe ba hukuma ce ta ɗauke fim ɗin ba. Kubrick ne da kansa, bayan an yi wa iyalinsa barazana, ya sa kamfanin Warner ya janye shi daga Biritaniya a 1973, ko da yake an ci gaba da kallonsa a wasu ƙasashe. Ya rasu a 1999. A 2000 aka mayar da fim ɗin gidajen silima da alamar 18, a wannan karon ma ba a yanke kome ba.