Haruffan Alkalami da Kwarjinin Rubutun Kano

A shekarar 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da haruffan kwamfuta masu suna Alkalami domin buga ajami. Becca Hirsbrunner Spalinger ce ta zana su bisa rubutun Kano, watau hannun nan mai kauri na Alƙur'anan Warshu, irin wanda Sharu Bala Gabari ya shahara da shi.

Ta fuskar sura aikin ya ƙayatar. Ɗigon fa yana ƙasa, ƙaf na da ɗigo ɗaya a sama, imala ma ta sami gurbinta. Sai dai wannan kauri yana ɗauke da alfarma. Almajiri a Dogon Daji, in ya tsinci takarda mai wannan hannu a ƙasa, zai ɗauke ta ya soke a katanga tun bai karanta ba, domin a allo da Alƙur'ani ya san shi. Ga shi yanzu ko mai tallar maganin basir yana iya buga takardarsa da shi.

Siririn hannun da aka kwafe littattafan Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da shi kuwa, wanda ya fi dacewa da wasiƙa da waƙa, bai shiga cikin waɗannan haruffa ba.