Abin da Jadawali na Huɗu Bai Faɗa Ba

Na karanta Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 irin karatun da manazarci kan yi wa ƙagaggen labari, wato ina neman wanda marubuci ya bari a bakin ƙofa. Jadawalin ya zayyana ayyukan ƙaramar hukuma dalla-dalla: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa, har da lasisin keke da baro. An tuna da maƙabarta ma. Amma mai sharar da ya tsufa riƙe da tsintsiyar hukuma, ba a ce uffan kan fanshonsa ba.

Wannan shirun ya bai wa jihohi fili. Kason ƙananan hukumomi 774 ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa, inda ake zaftare kuɗin fansho a miƙa wa hukumomin da gwamna ke naɗa shugabanninsu. Ma'aikaci na ƙaramar hukuma ne, amma guzurin tsufansa yana hannun wanda ba ya ganin fuskarsa.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, ya ce a riƙa tura kason kai tsaye. An yi guɗa, ni kuwa ban saki jiki ba. Idan kuɗin ya koma hannun ciyaman ba tare da amintattu masu zaman kansu ba, tsohon zai dai sauya layi ne, daga babban birnin jiha zuwa sakatariyar garinsu.