Kwana Goma Bayan Hukunci

Yawancin labaranmu na littafi da na fim, idan yaro ya yi laifi, a gaban alƙali suke ƙarewa. A yanke hukunci, uwa ta fashe da kuka, shi ke nan. Ni a ganina wannan ragwantaka ce, domin daga nan ne labarin yake somawa. A duba arewacin Kamaru a gani.

A takarda, dokar ƙasar tana tausaya wa yaro. Wanda bai kai shekara 10 ba, ba a kama shi da laifi. Daga 10 zuwa 14 matakan gyaran tarbiyya kaɗai ake ɗauka a kansa. Daga 14 zuwa 18 a sassauta masa hukunci. Amma ɗaukaka ƙara kwana 10 kacal aka ba ta. Ka ƙaddara manomi ne a ƙauyen Poli, an karanta wa ɗansa hukunci da Faransanci, shi kuwa ko gaisuwa bai iya da harshen ba, kotun da za ta sake duba shari'ar kuma tana can Garwa. Kafin ya gane akwai sauran ƙofa, ya sayar da akuya, ya nemo lauya, wa'adi ya cika. Wane marubuci ne ya taɓa zama da uban nan a kwanakin nan goma?

Wasu ma ba su sami hukuncin da za su ɗaukaka ba. A Disamba 2014 jami'an tsaro sun kwashi almajirai 84 daga makarantun allo na Guirvidig da sunan yaƙi da Boko Haram, har da 'yan shekara biyar. Aka tsare su a Marwa wata shida ba tare da tuhuma ba.

Sai wanda aka yi wa ɓarnar, wanda alƙalumanmu suka fi mantawa da shi. Ɗaure yaro ba ya dawo wa mai shago da wayarsa. Kundin laifuffuka na 2016 ya yarda a biya ɓarna a madadin kurkuku a ƙananan laifuffuka, abin da masu unguwanni suka daɗe suna yi a zaure. Na yaba da wannan, amma yaro ba shi da aljihu, uba ne mai biya. Yara biyu za su saci abu ɗaya, ɗan mai hali ya kwana a gida, ɗan mai tura ruwa ya kwana a gidan yari.