Lambar da ke Gindin Akwatin Wifi

Tun da Starlink ya fara aiki a Nijar a watan Maris na 2025, sana'ar sayar da tikitin wifi ta ƙara samun kasuwa. Faifai a kan rufi, akwatin MikroTik a cikin shago, batir da farantin sola, jari ya haɗu. Sai dai gwanin da ke haɗa kayan ba kullum yake ɗan gari ba. Yana iya zama a Tawa ko Madawa, mai shago kuwa yana Tabotaki, can cikin gundumar Buza.

Ranar da akwati ya sami matsala, dillali lambar siriyal zai fara tambaya. Tana kan ƴar takardar da ke manne a gindin na'urar, wadda zafi da ƙura kan goge. A da, sai gwani ya hau babur ya je ya kife akwatin ya duba. Yau daga inda yake zaune zai buɗe manhajar Winbox, ya shiga System, ya danna RouterBOARD, lamba ta bayyana. In na'urar Cisco ce, "show version" zai rubuta. An huta da kuɗin mai da wahalar hanya, kuma wannan abin yabo ne.

Amma ƙofar da gwani ya bi, ɓarawo ma ya san ta. A 2018 an gano wata ɓaraka a Winbox da ke tona kalmomin sirri. Kamfanin MikroTik, wanda ke Riga ta ƙasar Latbiya, ya toshe ta, amma da yawa ba su canja kalmominsu ba. A 2021 aka haɗa dubban irin waɗannan akwatuna aka kai wa kamfanin Yandex na Rasha farmaki. Ita kanta lambar ba ta yaɗawa ba ce: in an kunna IP Cloud, da ita ake gina adireshin na'urar a intanet. Wanda ya watsa hotonta a zauren WhatsApp ya nuna wa baƙi hanyar gidansa.

Gyara daga nesa ya zo ke nan, kuma ya dace da karkara. Abin da bai dace ba shi ne mai kaya ya zama baƙo a kayansa, lamba da kalmar sirri duk suna hannun wani.

Masu wifi na yankin Adar su rubuta lambar a littafin ciniki tun ranar saye, su adana rasit, su riƙe babbar kalmar sirri, su buɗe wa gwani tasa daban, sannan su riƙa sabunta manhajar akwatin.