Rahoton Fita Bishara: Me Muke Ƙirgawa?

'Yan'uwa masu hidima, akwai wata al'ada a makarantunmu na tauhidi da ta kamata mu sake dubawa. Lokacin hutu akan aiki ɗalibi fita bishara, ya dawo da rahoto: gidaje nawa ya shiga, wa'azi nawa ya yi, mutum nawa suka ɗaga hannu. Malami ya duba, ya ba da maki. Rahoton yana da amfani, domin yana hana lalaci, yana kuma koya wa ɗalibi ba da lissafin aikinsa. Amma ma'auni ne gajere, kuma a ƙasa irin ta Zamfara gajartarsa takan jawo ɓarna.

Mu tuna inda muke. An yanke Zamfara daga Sakkwato a 1996. A Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau. Masu bi kaɗan ne, kuma da yawansu zuriyar baƙi ne da aikin jirgin ƙasa, ciniki ko aikin gwamnati ya kawo. Ga kuma 'yan bindiga da suka tashi ƙauyuka a yankunan Tsafe da Bungudu, suka cuci Musulmi da Kirista ba bambanci. A irin wannan wuri, ɗalibin da ke neman cika takarda zai iya ɗaga murya a bakin kasuwa, ya taɓa abin da maƙwabta suke girmamawa, ya hau mota ya koma makaranta. Wa zai kwana da abin da ya bari? Fasto da 'yan tsirarun masu bi da ke zaune a garin.

Aibi na biyu ya fi wannan zurfi. Rahoton yana ƙirga wanda ya ɗaga hannu, ba ya tambayar abin da ya same shi bayan wata shida. Wanda ya karɓi Almasihu a nan yana iya rasa gida, gona da dangi. In ikkilisiya ba ta shirya masa wurin zama, sana'a da mai koya masa ba, mun rubuta lamba ne, ba mu yi almajiri ba.

Na uku, takardar ba ta da gurbin halin ɗalibin kansa. Ba ta tambaya ko ya je gaisuwar mutuwa, ko ya biya bashin mai shago, ko ya iya gaishe da dattijo da Hausar Zamfara maimakon Hausar aji mai cike da Turanci. Alhali a 1 Timoti 3:7 an sa kyakkyawar shaida daga waɗanda ba 'yan ikkilisiya ba cikin sharuɗan shugabanci. Bulus kansa ya yi shekara ɗaya da wata shida a Korinti, inda ya yi sana'ar ɗinkin tanti tare da Akila da Biriskila. A Afisa kuwa shekara uku ya yi. Ma'aikatan SIM ma, a lardin Sakkwato, ta hanyar jinyar kutare da ɗakunan shan magani suka sami wurin zama, irin su asibitin Amanawa. Zama da mutane ne ya buɗe musu ƙofa.

Wani zai ce wannan tsoro ne aka sa wa rigar hikima. A'a. Bisharar da ba a furta ba, ba a ji ta ba, kuma dole ɗalibi ya koyi faɗar ta sarai. Abin da muke cewa shi ne, hali zanen dutse ne, kuma shi mutane suke fara karantawa.

Don haka a gyara rahoton. Faston wurin ya rubuta rabinsa. A mai da ɗalibi gari ɗaya kowane hutu har ya gama karatu. A tambaye shi sunan wanda ya koya wa addu'a, da abin da shi ma ya koya daga maƙwabcinsa Musulmi.

Don tattaunawa: In ka bar garin da kake hidima gobe, wa zai yi kewarka ban da 'yan majami'arka?