Ɓoye Jam'iyyar Shugaba a Wasan Veep

A wasan kwaikwayon talabijin na The West Wing (1999–2006), Aaron Sorkin bai ɓoye cewa Shugaba Bartlet ɗan jam'iyyar Dimokurat ne ba, domin jigon wasan ya rataya ne a kan manufa, ita kuwa manufa sai da tuta. Armando Iannucci ya bi wata hanya dabam a Veep (2012–2019). Tun Selina Meyer tana mataimakiya har ta hau karagar mulkin Amurka a 2014, ba a taɓa ambaton jam'iyyarta ba.

A ganinmu, wannan shirun shi ne ƙashin bayan zambon. Da an kama sunan jam'iyya, da rabin 'yan kallo sun sami mafita, su ce ai halin waɗancan ne. Dubi fitowar da aka matsa mata ta faɗi matsayinta game da zubar da ciki, inda ba abin da ya dame ta sai ƙuri'a. Amma fa dabarar tana da illa. A Amurka wannan batu shi kaɗai kan tona jam'iyyar ɗan siyasa, don haka tilas marubutan suka bar ta tana kame-kame, har manazarci ya kasa rarrabe ruɗewar tauraruwa da zillewar marubuci.